Tambayoyinku: na jera sunaye a Wikipedia sun cakuɗe, ina gyaran yake?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wanga fili namu. Saƙonnin da suka taru wanga karo kusan duka a kan abu guda suke, wato yadda ake jera abubuwa da tsara rubutu a Wikipedia ta Hausa in mutum ya shiga ta wajen "gyara masomin", can inda ake rubutu da alamomi tsirara. Wallahi na ji daɗi da na ga yaranmu na Maraɗi sun tashi rubuta labarin garuruwansu da harshensu, don mun daɗe muna karanta labarin ƙasarmu da Faransanci ko Turanci kamar ba mu da bakin faɗinsa. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina zaune unguwar Ali Ɗan Sofo. Na so in jera gundumomin jihar Maraɗi, na rubuta kowace a layinta, ina gama suna ɗaya in sauko ƙasa in rubuta na gaba, amma da na wallafa sai na ga duk sun haɗe a layi guda babu ko waƙafi tsakaninsu. Na sake har sau uku haka dai, megas ɗina suka ƙare a banza. Mi na yi ba daidai ba?

Amsa: Lafiya lau ƴata, sannu da ƙoƙari. Ba portabul ɗinki ba ne kuma ba rezo ba ne, haka tsarin yake. Manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, MediaWiki, ba ta kula da saukowa layi sau ɗaya, in kin sauko sau ɗaya ɗauka take har yanzu kina cikin sakin layi guda sai ta manne maganar da ta sama. In kin bar layi ɗaya fanko tsakani to shi ne take gane sabon sakin layi ne. Amma don jeri ba wannan ake so ba, jeri alamarsa daban.

Kin san etuwal ɗin nan da muke dannawa in za mu duba kiredi, tauraro, to shi za ki sa a farkon kowane layi, kamar haka:

* Agye
* Bermo
* Dakoro
* Gazawa
* Gidan Rumji
* Madarumfa
* Mayahi
* Tasawa

In kin wallafa kowane tauraro zai koma ɗan baƙin ɗigo a gaban sunan, su takwas ɗin su tsaya ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne tauraron ya zama shi ne abu na farko a layin, can jikin bango, kada ki bar ko ɗan fili ɗaya kafinsa. In kin bar fili kafin tauraron abin zai fito cikin wani akwati mai toka-toka da rubutu irin na tsohon keken buga takarda, taurarin kuma a fili ba su koma ɗigo ba, domin a wurin wannan manhaja fili a farkon layi ma umarni ne, yana nufin a bar rubutun yadda aka buga shi. Portabul na yawan jefa wannan fili shi kaɗai musamman in kin zaɓi kalma daga waɗanda kibod ke ba ki shawara, ko in kin kwafo rubutu daga WhatsApp kin manna. Fili bayan tauraro kuwa ba shi da laifi, ki sa ko kada ki sa duk ɗaya ne.

In kuma kina son saka garuruwa ƙarƙashin kowace gunduma sai ki ninka tauraron:

* Gidan Rumji
** Tsibiri
** Cadakori
* Madarumfa
** Ɗan Isa
** Jiratawa

Masu tauraro biyu za su ɗan shiga ciki, mai karatu ya gane Tsibiri ƙarƙashin Gidan Rumji take. Uku ma ana yi, amma a allon portabul in an wuce uku rubutun matsewa yake gefe guda har ya yi wuyar karatu, ni dai ban cika son a wuce biyu ba.

Kuma kafin ki danna wallafawa ki riƙa duba samfurin da ake nuna maki na yadda shafin zai fito, nan za ki ga kuskuren tun bai shiga idon jama'a ba, megas ɗinki ma su huta.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Tasawa. Na jera shugabannin ƙasar Nijar da alamar diyez, wato #, kamar yadda wani abokin aikina ya nuna mani, lambobi sun fito amma kowane shugaba lamba 1 aka ba shi, daga Diori har ƙasa 1, 1, 1. Na gaji na share na rubuta lambobin da hannuna. Shin akwai laifi a haka?

Amsa: Mushe barka da aiki, Allah ya saka da alheri bisa karantar da yaranmu. Abokin aikinka bai yi kuskure ba, diyez ɗin ce alamar jeri mai lamba, kuma tun ban ga shafin ba na tabbata layi fanko ka bari tsakanin kowane suna da na gaba don abin ya yi maka kyaun gani sa'ad da kake rubutu. To wannan layin fanko shi ne ya yanke jerin. Manhajar na ganinsa sai ta ce jeri ya ƙare, ta rufe, da ta ga wata diyez a ƙasa sai ta buɗe sabon jeri ta soma ƙirga daga 1. Wato a idonka jeri guda ka rubuta mai mutum goma, a wurinta jeri goma ka rubuta kowane da mutum guda. Ga yadda ya kamata, manne da juna:

# Diori Hamani, 1960 zuwa 1974
# Seyni Kountché, 1974 zuwa 1987
# Ali Saibou, 1987 zuwa 1993
# Mahamane Ousmane, 1993 zuwa 1996
# Ibrahim Baré Maïnassara, 1996 zuwa 1999

Zai fito 1 har 5 shi kaɗai.

Batun rubuta lambobi da hannu kuwa, ba zunubi ba ne amma don Allah ka koma ka gyara. Dalili na farko ka riga ka san shi a aji, in ka rubuta sunayen yara sittin da lamba a kaye sannan aka kawo maka sabon yaro wanda sunansa ya kamata ya shiga na bakwai, sai ka goge duk lambobin da ke ƙasa. Haka nan in gobe wani ya lura an tsallake Daouda Malam Wanké da ya yi ƴan watanni a 1999 kafin Mamadou Tandja, da diyez layi ɗaya kawai zai cusa, duk na ƙasa su gyara lambarsu da kansu, da lambar hannu kuwa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma mutane da yawa ba su bi, sai ka tarar da jeri mai lamba 6 sau biyu.

Dalili na biyu shi ya fi damuna kuma ba a cika faɗinsa ba. Akwai ƴan'uwanmu makafi da masu raunin gani da ke karatu da manhaja mai karanta masu allo da murya. In jeri na gaskiya ne manhajar na sanar da su ga jeri mai abu kaza, su san tsawonsa, su iya tsallake shi ko su bi shi ɗaya-ɗaya. In lambar hannu ce a wurinta magana ce kawai zube, in kuma an yayyanke da layi fanko sai ta yi ta ce masu jeri ya soma jeri ya ƙare a kan kowane suna. Da tauraro ma haka abin yake, sai dai shi ba a gani da ido tunda ɗigo ba ya ƙirga, shi ya sa kuskuren ya cika shafuka ba wanda ya lura. Mai ido ba zai taɓa sanin ya wahalar da wani ba.

Akwai wani dare da na zauna da wani yaro a shagon sharjin waya, an ɗauke kuran a unguwa, shi kuma da portabul mai tsagaggen gilashi yana so ya gyara jerin jihohin Nijar takwas da suka fito masa 1, 1, 1 kamar naka. Na ce kada ya taɓa komi sai layukan fanko. Ya riƙa kai ɗan yatsa yana sa alamar rubutu a farkon layin yana gogewa sau ɗaya, Agadas ta manne da Difa, Difa da Doso, a haka har Yamai, sau biyu yatsan ya zame ya cinye diyez ɗin ya mayar. Da ya duba samfuri ya ga 1 har 8 a jere sai ya miƙa wa mai shagon wayar ya ce duba ka gani. Aikin bai kai minti uku ba, amma kwana biyu ya yi yana zaton shafin ne ya lalace.

Sauran abu biyu da za su same ka nan gaba tunda jerin shugabanni kake yi. In kana son ƙara bayani ƙarƙashin wani suna ba tare da ƙirgar ta yanke ba, ka haɗa diyez da ruwa biyu:

# Diori Hamani
#: Shi ne shugaban farko bayan samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960.
# Seyni Kountché

Bayanin zai shiga ciki babu lamba, Kountché kuma ya zo a 2. In ɗigo kake so a ƙarƙashin lamba sai ka rubuta #* haka nan, in ƙaramar ƙirga kake so cikin babba sai ##. Ƙa'idar dai ita ce duk abin da ke cikin jerin dole layinsa ya soma da diyez, duk layin da ya soma da wani abu daban yanke jerin yake. Hoto ma haka, in ka sa hoton shugaba a layinsa shi kaɗai a tsakiyar jeri ƙirga za ta koma 1 daga ƙasansa, don haka ka sa hoton sama da jerin gaba ɗaya.

Tambaya: Ina rubuta bayani kan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sana'ar gidanmu ce tun kakanni. Na sa tauraro gaba da bayan kalma don ta yi kauri kamar a WhatsApp bai yi ba. Sannan da aka nuna mani wata alama na gwada da kalmar 'yan kasuwa sai ta fito wani iri.

Amsa: Ƴar'uwa sannu, kuma na yi murna ƙwarai da abin da kika zaɓa ki rubuta, masu sana'a ne suka fi kowa sanin sunayen kayan aikinsu. Kowane gida da al'adarsa, tauraro a WhatsApp kauri yake sawa, a nan kuwa jeri yake buɗewa. Kauri a nan da ɗan waƙafin sama ake yinsa, apostirof, guda uku gaba uku baya: '''ƙuli-ƙuli'''. Guda biyu-biyu rubutu mai jirkice ne, ''ƙuli-ƙuli'', biyar-biyar kuma kauri da jirkice a haɗe. Ki lura ba alamar zance ba ce mai ƙafa biyu, waƙafin sama ne ɗaya-ɗaya ake dannawa sau uku. Kuma sai miƙaƙƙe, wasu wayoyi na lanƙwasa shi su kaɗai ya koma mai wutsiya, shi kuma mai wutsiyar manhajar ba ta san shi a matsayin umarni ba, in haka ta faru ki danne maɓallin ki riƙe za ki ga miƙaƙƙen a cikin zaɓi.

Batun 'yan kasuwa kuwa matsala ce tamu ta masu Hausa wadda waɗanda suka ƙera abin ba su yi tunaninta ba. Kalmar da kanta da waƙafin sama ta soma, kin ƙara uku sun zama huɗu a jere, sai manhajar ta ɗauki ukun ƙarshe a matsayin kauri ta bar na farkon a waje siriri shi kaɗai. In jirkice kika so abin ya fi rikicewa, biyu da ɗaya sun zama uku, wani lokaci ta gane nufinki wani lokaci ta kaurara maki abin da ba ki ce ba. Mu a Nijar muna da mafita a hannu tunda rubutunmu na makaranta da ƴ mai lanƙwasa ake yinsa, ki rubuta '''ƴan kasuwa''' shike nan. In kuma shafin da kike gyarawa an riga an bi salon Najeriya a cikinsa kada ki canja masu, ki rufe waƙafin kalmar haka: '''<nowiki>'</nowiki>yan kasuwa'''. Duk abin da ke tsakanin nowiki biyun nan manhajar ba ta ɗaukarsa umarni.

Sai dai kada ki cika kauri. A al'adar Wikipedia sunan abin da ake magana a kansa shi ake kaurarawa a jimlar farko, sauran a bar su. Kuma tunda kina da kalmomin sana'a da za ki fassara, akwai jeri na musamman dominsu, waƙafi mai ruwa a farkon layi sannan ruwa biyu kafin ma'ana:

; Tunkuza : abin da ya rage na niƙaƙƙiyar gyaɗa bayan an matse mai
; Ƙuli-ƙuli : tunkuzar da aka mulmula aka soya

Kalmar za ta fito da kauri ita kaɗai, ma'anar ta sauko ƙasanta ta ɗan shiga ciki.

Tambaya: A siber nake aiki, kibod ɗin na Faransa ne, na rasa inda diyez da sauran alamomin suke.

Amsa: Ƙanena, a AZERTY yawancinsu ɓoye suke bayan maɓallin AltGr da ke dama da dogon maɓallin fili. Ka danne shi ka riƙe: da 3 diyez, da 5 baka mai kusurwa [ na mahaɗi, da 6 sandar tsaye |, da 4 kuma {. Tauraro na kusa da Entrée, maɓalli guda da µ. Waƙafin sama na kan 4 ba sai ka danne komi ba. Alamar igiya ~ na kan 2 da AltGr, amma a Windows ba ta fitowa nan take sai ka bi ta da fili, kada ka zaci maɓallin ya mutu.

Tambaya: Ni dattijo ne, jikana ke buga mani. Muna son saka baitocin kirarin garinmu amma layukan na haɗewa, kuma muna son raba bayanin kashi-kashi da kanun magana.

Amsa: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikan naka ya rubuta <poem> a sama da baitocin, ya rubuta </poem> a ƙasansu, duk abin da ke tsakani zai tsaya layi-layi yadda aka buga shi, ba sai an sa tauraro ba, don kirari ba jeri ba ne bai kamata a sa masa ɗigo ba. In wuri ɗaya tak ake son karya layi sai a sa <br> 
 a wurin.

Kanun magana kuma da alamar daidai ake yinsu, biyu gaba biyu baya, a layinsu su kaɗai: == Tarihi == sannan ƙaramin kai a ƙarƙashinsa uku-uku, === Sarauta ===. Guda ɗaya-ɗaya ba a amfani da shi cikin bayani, girman sunan shafi ne. A tabbatar na gaba da na baya sun yi daidai da juna. Kada ya yi dabarar kaurara kalma ya ce ya yi kai, a ido suna kama amma na gaskiyar ne kaɗai ke shiga jadawalin abin da ke ciki, kuma a portabul su ne ke naɗewa mai karatu ya buɗe kashin da yake so. Kuma Baba in akwai littafi ko takarda da aka taɓa buga kirarin a ciki a ambace ta, don can ana tambayar madogara.

Tambaya: Na rubuta tarihin garinmu duka da tauraro, kowace magana da ɗigonta, ya yi kyau sosai, sai wani da ban sani ba ya zo ya cire taurarin ya mayar da shi zube. Raina ya ɓaci. In mayar da nawa?

Amsa: Ɗan'uwa na fahimci ɓacin ranka, mutum ya kwana yana aiki ya wayi gari an taɓa masa akwai ciwo. Amma gaskiya zan gaya maka, mutumin nan ya fi ka gaskiya, kada ka mayar. Jeri na abubuwan da suke tsaye kafaɗa da kafaɗa ne, sunayen unguwanni kamar Mokoyo da Bagalam da Zariya, ranakun kasuwa, sarakuna bi da bi. Tarihi kuwa abu ne ke jawo abu. In ka ce Fulani sun ci Katsina zamanin jihadi, ɗigo, sarakunan Haɓe sun zauna Maraɗi, ɗigo, ka ba mai karatu magana biyu ka ɓoye masa igiyar da ta ɗaure su, ba ka gaya masa cewa saboda na farkon ne na biyun ya faru ba, alhali nan ne tarihin yake. Kalmomin nan ƙanana, saboda, bayan haka, amma, shi ya sa, ɗigo cinye su yake. Ka tuna yadda tsofaffi ke ba da labarin gari a zaure, babu mai ce maka na ɗaya na biyu, amma in aka zo lissafin sarakuna sai ka ji sun jero su.

Kuma haka wiki take tun asali, Ward Cunningham da ya ƙirƙiro ta farko a Amurka a 1995 don kowa ya iya taɓa rubutun kowa ya yi ta, Wikipedia da ta zo a 2001 a kan haka ta ginu. Aikinka bai ɓata ba, yana nan cikin tarihin shafin da sunanka, za ka iya buɗewa ka kwatanta naka da nasa ka ga ko ya zubar da wata magana wajen gyaran. In ya zubar, ka je shafin tattaunawa ka yi masa sallama ka faɗi abin da ya ɓace. In amsa kake ba shi ƙarƙashin maganarsa ka soma layinka da ruwa biyu don ya shiga ciki, in ya amsa maka da :: kai sai ka sa ::: a gane wa ke magana da wa, ka rufe da igiya huɗu ~~~~ sunanka da ranar da lokacin su fito su kaɗai. In kana da sunayen masu unguwanni kuwa ka buɗe masu kai nasu a ƙasan tarihin ka jera su da tauraro.